Famfon Zafi a Gida: Yadda Ake Gane Matsalolinsa da Hanyoyin Magance Su

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai hannu bayan firji yana cikin aiki ya san wurin da ɗumi. Haka nan wanda ya taɓa giftawa ta gaban akwatin iyakwandishan da ake kafewa a bayan bango, ya ji hucin da ke fita daga cikinsa. Mafi yawan wannan zafi daga cikin firjin da cikin ɗakin ya fito, na'urar ce ta kwaso shi ta zubar a waje. To idan aka juya aikin, ta koma kwaso zafi daga waje tana zubawa a cikin ɗaki, an sami abin da Turawa ke kira da wani suna mai ma'anar "famfon zafi". Da shi ne miliyoyin gidaje a ƙasashen sanyi ke ɗumama ɗakunansu, kuma da shi suke sanyaya su idan lokacin zafi ya zo.

A wannan maƙala zan yi bayanin yadda na'urar ke aiki, da alamomin da take nunawa idan ta sami matsala, da abin da mai gida zai iya yi da hannunsa, da kuma inda ya kamata ya tsaya ya kira gwani. Iyakwandishan ɗin da muke amfani da shi a nan Nijeriya, wanda aka fi kira esi, famfon zafi ne mai tafiya hanya ɗaya, don haka yawancin bayanin ya shafe shi kai tsaye. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, kaso mai yawa na cutar wannan na'ura daga toshewar hanyar iska da rashin ingancin wutar lantarki yake tasowa. Amma da zarar ta daina sanyi, kalmar farko da ake ji ita ce "gas ya ƙare". Wannan kalma ta ci kuɗin mutane da dama, ta kuma yi sanadin mutuwar na'urori masu sauran kwana.

2.0 Yadda Na'urar Ke Aiki

Abubuwa biyu da kowa ya sani sun isa a fahimci sirrin. Na farko shi ne randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, kuma duk ruwan da zai zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Na biyu shi ne famfon keke. Idan aka daɗe ana bugawa sai a ji gindinsa ya yi zafi, saboda iskar da aka matse takan ɗau zafi.

Famfon zafi ya haɗa waɗannan biyun ne a cikin rufaffen bututun jan ƙarfe. A cikin bututun akwai sinadarin da masu gyara ke kira gas, wanda ke tafasa a yanayin da ruwa ya daɗe da daskarewa. Alal misali, nau'in da ake kira R-22 yana tafasa a wajen digiri 41 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas idan ba a matse shi ba, shi kuwa R-32 a wajen digiri 52 ƙasa da sifili. Sinadarin yana zagaya sassa huɗu. Yakan shiga naɗaɗɗen bututu na farko yana ruwa-ruwa, ya tafasa, ya zuƙe zafin iskar da fanka ke hurawa ta kansa. Daga nan kwamfiresa, wato zuciyar na'urar, ta janyo tururin ta matse shi ya yi zafi ƙwarai. Sai ya shiga naɗaɗɗen bututu na biyu, inda wata fankar ke kwashe zafin, ya koma ruwa. Daga ƙarshe ya bi ta wata 'yar siririyar ƙofa, matsinsa ya faɗi, ya yi sanyi, ya sake komawa farko.

Abin da ya bambanta famfon zafi na ƙasashen sanyi da esi namu shi ne wani bawul mai baki huɗu da ke juya hanyar sinadarin. Idan ya juya, bututun waje ne ke zuƙar zafi, na ciki kuma ya saki. Wani zai ce, ina aka ga zafi a iskar da dusar ƙanƙara ke zuba a cikinta? Amsar ita ce, zafi ba ya ƙarewa ƙaf sai a digiri 273 ƙasa da sifili. Muddin sinadarin ya fi iskar waje sanyi, zai sami abin zuƙa daga gare ta.

A nan ne ribar na'urar take. Hita ta lantarki idan ta ci awo ɗaya na wuta, awo ɗaya na zafi za ta bayar. Shi kuwa famfon zafi, tunda ɗauko zafin yake yi daga wani wuri, yakan ba da awo uku zuwa huɗu da wannan awo ɗayan. Sai dai ribar ta dogara ga sharaɗi guda: dole iska ta ratsa bututan nan biyu ba tare da cikas ba. Duk abin da ya tare iskar ya tare aikin gaba ɗaya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1834 Jacob Perkins ya yi rajistar injin sanyi mai aiki da matsa tururi a Ingila. A 1852 masanin nan Lord Kelvin ya bayyana cewa za a iya amfani da irin wannan inji wajen ɗumama gini. Tsakanin 1855 da 1857 Peter von Rittinger ya ƙera na farko a ƙasar Ostiriya don aikin dafa gishiri. A 1902 Willis Carrier ya haɗa iyakwandishan na zamani domin wata maɗaba'a a birnin New York na Amurka, saboda laimar iska na ɓata musu takarda. A 1938 aka sa wa zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan famfon zafi mai ɗebo ɗumi daga ruwan kogin Limmat.

Wani rahoto da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na gine-ginen ƙasar Norwe suna da wannan na'ura, a Suwidin da Finlan kuma sama da kashi 40. Waɗannan suna cikin ƙasashen da suka fi ko'ina sanyi a Turai. Saboda haka ɗalibin da ya tafi ƙaro ilimi can, ko Amurka ko Kanada, ba mamaki ya tarar da ita a gidan da zai kama haya. A ƙasarmu kuwa ɓangaren sanyayawa muka fi buƙata, ko da yake akan sami esi mai aiki biyu a kasuwa, wanda ake ganewa da hoton rana a jikin rimot ɗinsa.

4.0 Abubuwan da Ba Cuta Ba Ne

Kafin a shiga matsaloli, ya kamata a san halayen na'ura mai lafiya, domin sau da yawa akan kira mai gyara a kan abin da ba ya buƙatar gyara.

Na ɗaya, jinkirin tashi. Idan aka kashe ta aka sake kunnawa, ko wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfiresa takan jira kamar minti uku kafin ta kama. Da gangan aka yi haka don matsin da ke cikin bututu ya daidaita, kada ta tashi da nauyi a kanta.

Na biyu, tururi daga akwatin waje a ƙasar sanyi. Idan iskar waje ta sauko wajen digiri 5 zuwa ƙasa kuma da laima, bututun waje kan yi farar ƙanƙara. Sai na'urar ta juya bawul da kanta, ta tsayar da fankar waje, ta tura zafi ta narkar da ita. Wannan kan ɗauki minti 5 zuwa 15. A lokacin za a ji wani huci kamar an saki iskar taya, a ga tururi na tashi, ruwa na zuba a ƙasa. Baƙo zai ɗauka gobara ce, alhali na'urar wanka take yi.

Na uku, iska mai ɗan ɗumi. Iskar da famfon zafi ke hurowa ba ta cika wuce digiri 30 zuwa 40 ba, jikin ɗan Adam kuwa digiri 37 ne. Don haka idan aka tara hannu sai a ji kamar ba ta da zafi, amma ɗaki na ɗumama sannu a hankali. Haka ma a Ingila, inda na'urar ke ɗumama ruwan da ke zagaya ƙarafan bango, ƙarafan ba sa zafi kamar na tukunyar gas. Ma'aunin zafin ɗaki ne alƙali a nan, idan ya kai inda aka saita, komai lafiya.

5.0 Matsalolin da Aka Fi Samu

5.1 Ta ƙi tashi

A fara da abu mafi sauƙi. A duba batirin rimot, a kuma duba alamar da ke kan fuskarsa. Hoton ƙanƙara na nufin sanyi, rana na nufin ɗumi, ɗigon ruwa na nufin busar da laima, fanka kuma iska ce zalla. Na sha ganin esi da aka yanke wa hukuncin lalacewa, ashe yaro ne ya danna maɓalli ya mai da shi kan fanka. A tabbata kuma lambar da aka saita ta yi ƙasa da zafin ɗakin idan sanyi ake so, ko ta yi sama idan ɗumi ake nema.

Daga nan a duba fis da makunnin nan mai yanke wuta da kansa, wanda ake kira bireka. Idan ya faɗi, a ɗaga shi sau ɗaya. In ya sake faɗuwa a bar shi haka, domin yana sanar da cewa akwai wayar da ta haɗu ko kwamfiresa na jan wuta fiye da ƙima. Ɗaure fis da waya mai kauri, kamar yadda wasu ke yi, cire mai gadi ne daga bakin ƙofa.

Idan akwatin ciki na aiki, na waje kuma yana gurnani na 'yan daƙiƙu sai ya yi "ƙas" ya yi shiru, abubuwa biyu ake zargi. Ko dai kafasita ta mutu, wato 'yar gwangwanin da ke ba mota ƙarfin tashi, ko kuma wutar ba ta da ƙarfi. Kafasitar da ta mutu sau da yawa kanta kan kumbura, kuma kuɗinta kaɗan ne idan aka kwatanta da na kwamfiresa. Game da wuta kuwa, an ƙera na'urorinmu ne don bolt 220 zuwa 240. Har yau muna cewa NEPA ko da yake hukumar ta sauya suna tun 2005, an kuma miƙa rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma matsalar rabin wuta tana nan a unguwanni da dama. Idan ƙarfin wuta ya faɗi, mota kan ja fiye da abin da ta saba, wayoyinta su yi zafi, a hankali su ƙone. Ƙwan fitila ya dushe, fankar sama na jan ƙafa, to a kashe esi. Sitabilaiza mai girman da ya dace yana taimakawa. Haka kuma a sani cewa kwamfiresa da ba ta inbata ba takan ja ninkin ba ninkin na wutar da take ci a daidai lokacin tashi, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa da zarar ta kama.

5.2 Tana aiki amma ba sanyi, ko ba ɗumi

Wannan ce ƙorafin da ya fi yawa, kuma a nan ne ake yawan ambaton gas. Kafin a kai ga gas, a buɗe murfin akwatin ciki a zaro rariyar da ke tace ƙura. Idan aka ɗaga ta ga haske ba a hango komai ta cikinta ba, an gano ɓarawon. A wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a mayar bayan ta bushe. Ya kamata a riƙa yin haka duk mako biyu zuwa wata guda, a lokacin hunturu kuwa, da ƙura ke sauka har kudancin ƙasar nan, kowane mako ma bai yi yawa ba.

Sai a fita a duba akwatin waje. Bayansa akwai siraran faranta na alminiyom jere kamar haƙoran mataji. Ƙura da ganye da leda da gashin kaza kan liƙe a wurin. A kashe wuta daga tushe, a wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi, kada a yi amfani da injin wankin mota domin yana lanƙwasa farantan. A bar sarari kamar taku biyu a gabansa da gefensa. Na lura da yadda a gidajen haya ake rufe akwatin da kejin ƙarfe mai ƙananan ƙofofi saboda ɓarayi, ko a jibge kaya a kansa, ko a kafa shi a lungun da iska ba ta kewayawa. A irin wannan hali, zafin da ya fitar shi yake sake shaƙa. A garuruwan bakin teku irin su Legas akwai ƙarin matsala, wato gishirin da ke cikin iska yana cin farantan, don haka ɗauraye su da ruwan daɗi lokaci-lokaci na ƙara musu kwana.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. Bayan na'urar ta yi minti 15 tana aiki, a auna zafin iskar da ke shiga ta sama da wadda ke fita ta baki. A wajen sanyayawa, bambancin digiri 8 zuwa 12 alama ce ta lafiya. Idan bambancin ya kai haka amma ɗaki bai yi sanyi ba, laifin na ɗakin ne: taga a buɗe, ko rufin kwano ba silin, ko na'urar ta yi wa ɗakin kaɗan. Mai da rimot kan 16 ba ya sa esi na gargajiya saurin sanyi, hana shi hutawa kawai yake yi. Tsakanin 24 da 26 ya wadatar.

A na'ura mai aiki biyu, idan aka nemi ɗumi ta ba da sanyi, ko aka nemi sanyi ta ba da ɗumi, mai yiwuwa bawul mai baki huɗu ne ya maƙale. Wannan aikin gwani ne. Har wa yau, yawancin na'urorin Amurka suna da hita ta lantarki a ciki don agaji a ranakun tsananin sanyi. Idan alamar agajin nan ta zauna a kunne kullum, gida zai yi ɗumi, amma takardar kuɗin wuta za ta iya ninkawa biyu ko uku, domin famfon ya daina aiki, hita ce ke ɗauke da gidan.

5.3 Ƙanƙara a inda bai kamata ba

Wasu na murna idan suka ga ƙanƙara a jikin esi, suna ganin alamar ƙarfi ce. Alamar ciwo ce. Bututun ciki na daskarewa ne idan iskar da ke ratsa shi ta yi kaɗan, ko kuma gas ya ragu. Ƙanƙarar kuma sai ta ƙara toshe hanyar, abu ya yi ta gaba. Haɗarin shi ne sinadarin zai koma wa kwamfiresa yana ruwa bai zama tururi ba, ita kuwa ba a yi ta don matsa ruwa ba, sai ta karye daga ciki. Maganin farko shi ne a kashe sanyi, a bar fanka kawai na 'yan sa'o'i har ta narke, a wanke rariya, a sake gwadawa. In ta dawo, a kira mai gyara.

A ƙasashen sanyi, 'yar farar ƙanƙara da ke zuwa tana tafiya ba komai ba ce, kamar yadda na faɗa a baya. Amma idan akwatin waje ya zama dunƙulen ƙanƙara na sa'o'i, tsarin narkarwa ya sami matsala, ko dusar ƙanƙara ta binne shi, ko ruwan indararo na zuba a kansa. A share dusar, a gyara indararon, a zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ko a can ko a nan, kada a kusanci ƙanƙara da wuƙa ko sukuddireba. Firji nawa ne suka mutu a ɗakunan ɗalibai saboda an sa wuƙa a ɓamɓaro nama? Bututun siriri ne, huda ɗaya ta isa.

5.4 Ruwa na ɗiga a cikin ɗaki

Esi na tatsar laima daga iska, ruwan ya taru a wani ɗan kwano ya bi ta tiyo ya fita waje. A kudu, inda laima ke da yawa, ruwan kan kai lita da dama a yini. Idan ya fara bin bango, to tiyon ya toshe da gansakuka da ƙura, ko ya lanƙwashe, ko bakinsa ya nutse a cikin bokitin da ake tara ruwan. Wani lokaci kuma zanzaro ne ya yi gini a bakin. A duba a tabbata tiyon gangara yake yi tun daga farko har ƙarshe, a zuƙe toshiyar ko a ɗura ruwa a wanke. Idan tun ranar da aka kafa akwatin yake ɗiga, a karkace aka kafa shi. Kada a yi sakaci da wannan, musamman idan akwai soket a ƙarƙashinsa.

5.5 Tashi da mutuwa a kai a kai

Kwamfiresa da ke kamawa ta saki duk bayan minti biyu ko uku tana gajiya da wuri, domin lokacin tashi ne ta fi shan wahala. Dalilan sun haɗa da dattin akwatin waje da ke sa ta yi zafi ta kashe kanta, da rabin wuta, da ƙarancin gas, da gocewar 'yar na'urar da ke jin zafin ɗaki daga mazauninta. Akwai kuma dalilin da ba a cika tunawa da shi ba, wato na'urar ta fi ƙarfin ɗakin. A kasuwarmu da ƙarfin doki ake awo: doki ɗaya, ɗaya da rabi, biyu. Wanda ya sa mai doki biyu a ƙaramin ɗaki zai ga ta sanyaya shi nan da nan ta mutu kafin ta tatse laimar, sai ɗaki ya yi sanyi mai danshi, tufafi su riƙa warin fumfuna.

5.6 Ƙara da wari

Kakkarwa da ƙarar kwano yawanci noti ne ya kwance ko ƙafar akwatin ba ta zauna daidai ba. Ƙara mai kama da niƙa ko kuka na nuna boris ɗin fanka ya cinye. Shiiii da ba ta tsayawa ko an kashe na'ura na iya zama gas ne ke fita. Warin ruma daga kwanon ruwa da bututun ciki yake zuwa, wanki yake so. Warin ƙonewar roba kuwa ba a jira da shi, a kashe daga tushe nan take.

6.0 Gaskiyar Batun Gas

Gas ɗin famfon zafi ba kamar fetur ba ne da inji ke ƙonawa. A rufaffen bututu yake zagayawa, kuma na'urar da aka haɗa da kyau za ta iya yin shekaru goma ko fiye ba a ƙara mata ko kaɗan ba. Idan ya ragu, akwai inda yake fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan lokuta a mahaɗar bututu ne, wajen notin da ke gefen akwatin waje, kuma ana gane wurin da maiƙo, domin man kwamfiresa na fita tare da gas ɗin. Kumfar sabulu ma na nuna shi.

Saboda haka idan mai gyara ya ce gas ya ƙare, tambayar da ta dace ita ce: "Malam, ta ina ya fita?" Wanda ya san aikinsa zai nemo hudar ya toshe, ya gwada bututun da iskar naitirojin, ya zuƙe iska da laimar ciki da injin zuƙa, sannan ya ɗura gas bisa sikeli daidai nauyin da aka rubuta a jikin akwatin. Wanda ya ɗura kawai ya karɓi kuɗi, zai dawo bayan 'yan watanni ya sake karɓa, kamar mai zuba ruwa a kwando. A tsakanin nan kuma kwamfiresa na aiki cikin zafi, domin gas ɗin da ke dawowa ne ke sanyaya ta.

Dole kuma a kula da nau'in gas. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara janye sinadaran da ke lalata rufin ozon na sararin sama. R-22 na cikin waɗanda ake janyewa: Amurka ta daina ƙera shi da shigo da shi daga farkon 2020, ƙasashe masu tasowa irin tamu kuma an ba su zuwa 2030 su kusan rabuwa da shi. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya ƙara da rage irin su R-410A saboda ɗumamar duniya. Shi ya sa sababbin na'urori ke zuwa da R-32 ko R-290, firji kuma da R-600a. Kowanne da matsinsa da irin man da yake tafiya da shi, ba a gauraya su. Daɗin daɗawa, R-290 da R-600a 'yan uwan gas ɗin girki ne, suna kama wuta sosai, R-32 ma yana kamawa ko da yake bai kai su ba. Wannan ya sa walda a jikin bututun da ba a zuƙe ba ganganci ne. Mafi muni shi ne gwada bututu da iskar oksijin ta masu walda, domin idan ta haɗu da mai a cikin matsi takan fashe kamar bam. Duk wanda ya ga mai gyara ya jawo wannan tulu zai haɗa da na'urarsa, ya dakatar da shi.

7.0 Iyakar Mai Gida

Aikin mai gida shi ne wanke rariya, share kewayen akwatin waje, ɗauraye faranta, buɗe tiyon ruwa, sauya batiri, da lura da ƙarfin wuta. Duk wannan sai bayan an kashe wuta daga tushe, kashewa da rimot bai isa ba. Abin da ya shafi buɗe murfin wayoyi, da kafasita, da gas, da kwamfiresa, da bawul, na mai gyara ne. Kafasita na riƙe wuta a cikinta ko bayan an cire soket, tana kuma iya jefar da ƙato. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai ma doka ta hana wanda ba shi da takardar shaida ya taɓa yawancin irin wannan gas.

Akwai taimakon da mai gida zai yi wa mai gyara. Ya rubuta lambar kuskuren da ta fito a fuskar na'ura ko yawan ƙiftawar fitilarta, domin littafin da ke zuwa da ita ya fassara su. Ya faɗi lokacin da matsalar ta fara da abin da ya gabace ta, ko wuta ce ta dawo da ƙarfi, ko an ɗauke na'urar daga wani gida. Idan aka ce masa kwamfiresa ta mutu, ya nemi a fara gwada kafasita a gabansa, kuma duk abin da aka sauya a ba shi tsohon.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga cewa famfon zafi, da esi, da firji, aiki ɗaya suke yi, wato kwasar zafi daga wani wuri zuwa wani, kuma aikin ba ya yiwuwa sai iska ta sami hanya, wuta ta zo daidai, gas kuma ya zauna a cikin bututunsa. An kawo halayen da ba cuta ba ne, da alamomi shida na cuta, da matakin farko da za a ɗauka a kan kowacce. Shawarata ga mai karatu ita ce ya bi tsari daga mai araha zuwa mai tsada: rimot, fis, rariya, akwatin waje, tiyo, sannan mai gyara. Ya kuma sa a duba masa na'urar gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, mu a nan bayan hunturu kafin zafin Maris da Afrilu ya kankama, na ƙasashen sanyi kuwa kafin sanyi ya shigo. Rigakafi ya fi magani, kuma wankin rariya na minti goma ya fi sayen sabuwar kwamfiresa sauƙi nesa ba kusa ba.